Zazzaɓin Auta da Allurar Inna

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu alƙalami. Na kwana biyu ban kawo baiti ba. Yau damuwa ce ta koro ni, kuma amsa nake nema.

Da sunan Rabbu zan fara bayani,
Mai saukar da cuta da warkarwa.

Jiya na kai Auta awo da safe,
Allura suka soka a cinya, har da shiɗewa.

Kafin isha jikinsa ya ɗau zafi,
Kamar garwashi in kana taɓawa.

Cinyar ta kumbura, ta yi tauri,
Nono ma in na ba shi sai kaucewa.

Na jiƙa tsumma ina goga masa,
Har asuba ban samu runtsawa.

Lafiya ƙalau na fita da yarona,
Ni na danne ƙafar wajen sokawa.

Ga kuma Inna za ta sauke farali,
An ce sai ta sanƙarau kafin wucewa.

Wannan na ji, doka ce ta Saudiyya,
To ta mura fa, mene ne na ƙarawa?

Shekarunta 70, ga ta da asma,
Jikin tsufa bai son yawan taɓawa.

Mura dai mura ce, mun san ta,
Citta da kanumfari ke korawa.

Masana, ku faɗa mini tsakani da Allah,
In akwai illa, ban son ɓoyewa.

Ɗan Fagge:

Yaya, Allah ya ba Auta lafiya. Ni ina cikin masu ɗari-ɗari, kuma ga dalilina.

Yaya, tsoronki ba na banza ba ne,
Wanda maciji ya sara, ai shi ne
In ya ga tsumma zai ruga, haka ne,
Kano ta ga abin da ba ta manta.

A 1996 sanƙarau ya sauka,
Unguwa-unguwa ba ka jin sai kuka,
Pfizer, kamfanin magani, ta zo, yara ta ɗauka,
Wajen 200, gwaji a kan cuta.

Trovan ne maganin da ta gwada,
Iyaye suka ce ba su ba da yarda,
Ba a karanta musu wata takarda,
Yara 11 dama suka kwanta.

Shari'a ta ci shekaru kan shekaru,
Sai 2009 aka zauna aka taru,
Dala miliyan 75 kan abin da ya faru,
Kuɗi ba ya mayar wa uwa da ɗanta.

Sannan ga tambayar da ke cin raina:
Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗana,
Magani sai na zazzage aljihuna,
Ɗigon shan inna har ƙofa, kuma kyauta.

Wanda bai tambayi ruwan da nake sha ba,
Bai zo ya ga ɗakin da babu gado ba,
Ya biyo ni gida da abin da ban roƙa ba,
Ku gaya min yadda zuciya za ta gaskata.

Malamar Jinya:

Shekarata 14 a ɗakin rigakafi. Bari in fara da Maman Auta, don ita ce ba ta yi barci ba. Zan ari amsa-amonta.

Maman Auta, sannu da daren jiya,
Ni ma a kan nawa na sha ɗanɗanawa.

Zafin da kika ji da taurin cinya,
Mun san da su tun kafin sokawa.

Laifinmu ne da ba a gaya miki ba,
Layi da tsawo, muna ta sallamawa.

Penta muke ce mata, cuta 5 ce,
Har da mashaƙo take tarewa.

Hoton ɓarawo aka nuna wa jiki,
Sojojinsa ne ke ta shiryawa.

Kwana ɗaya ko biyu zafin zai sauka,
Ki ba shi nono, ki ci gaba da gogawa.

In ya wuce haka, ko kika ga jijjiga,
Ko kukan da ya ƙi tsayawa,

Ki goyo shi ki zo ko da tsakar dare,
Kar ki tsaya jiran gari wayewa.

Akwai wanda jikinsa ke ƙin allura,
Numfashi ya sarƙe, fuska na kumburawa.

Kamar mutum 1 ne cikin miliyan,
Kuma nan take yake bayyanawa.

Shi ya sa muke cewa ku ɗan zauna,
Maganinsa na kusa, muna ajiyewa.

Batun Inna kuwa, suna ne ya ruɗe mu,
Mura biyu ce muke haɗawa.

Akwai ta majina da 'yar atishawa,
Ita ce citta ke lallaɓawa.

Akwai infuluwenza mai ka da ƙato,
Gaɓoɓi na ciwo, jiki na karkarwa.

Ga mai asma, ko tsoho, ko mai ciki,
Huhu take bi, tana toshewa.

Ki tuna tantin Mina, kafaɗa da kafaɗa,
Tarin duniya duk can yake haɗuwa.

Ƙwayar cikin allurar matacciya ce,
Ba ta sa mura, balle yaɗawa.

Damtse zai yi tsami, jiki ya yi nauyi,
Kwana biyu ya isa warwarewa.

Ban ce miki katanga ce ba ƙofa,
Wajen rabi take iya karewa.

Ƙwayar na sauya riga duk shekara,
Shi ya sa allurar ake sabuntawa.

Amma rabi ga mai 70 da asma,
Rabo ne babba, ba na rainawa.

Abin da baiti ya ƙi ɗauka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan murar na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara. In Inna ta taɓa yin wata allura jikinta ya ƙi ta, a gaya wa likita kafin a yi.

Mai Karatun Dare:

Malama, kin faɗi, amma da saura,
A cika mudun in ana son gaskiya.

A 1976 can a Amurka,
Tsoron murar aladu ya cika zuciya.

Fiye da mutum miliyan 40 aka yi wa allura,
Annobar kuwa ba ta iso ba gaba ɗaya.

Sai ga ciwo mai shanye ƙafafu,
Ya yi ta hawa sama yana bin jijiya.

Kamar mutum 1 a cikin 100,000,
Aka tsayar da aikin, aka ja da baya.

A 2009 kuma, Finlan da Suwidin,
Allurar mura Pandemrix ce ta zo da tambaya.

Wasu yara suka kamu da ciwon barci,
Ya kwashe yaro yana cikin tafiya.

Ban kawo wannan don in tsoratar ba,
Ku duba wa ya gano: masu duba lafiya.

Sun rubuta kowa, sun ƙirga kowa,
Suka fito suka faɗa wa duniya.

Ciwon jijiyar nan a allurar yau,
Cikin miliyan bai wuce 2 ba ko 1.

Ita kanta murar ta fi jawo shi,
Wannan ma an auna, ba ƙarya.

To mu a nan, in yaro ya jijjiga a ƙauye,
Wa ke rubutawa, wa ke bibiya?

Malamar Jinya:

Ka taɓa inda ke mini ciwo. Akwai fom da muke cikewa idan allura ta yi wa yaro ba daidai ba, ya bi ta ƙaramar hukuma ya hau sama. Sai dai uwa da yawa ba ta dawowa, gida take zama da fushinta, ta hana na bayansa. Wani ma'aikacin kuma tsoron a ɗora masa laifi ke hana shi rubutawa. Ina roƙon iyaye ku dawo ku faɗa mana, ko da faɗa ne.

Baba Mai Keke:

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Da Ɗan Fagge nake.

Ɗan Fagge, ɗana, na ji kukanka,
Ban ƙaryata ko ɗaya a zancenka,
Amma matso kusa, buɗe idonka,
Ka dubi abin da ya rage na ƙafata.

Ina shekara uku ina guje-guje,
Zazzaɓi ya zo, ban ƙara taka waje,
Aka yi turare, aka yi gwaje-gwaje,
Aka ce Inna ta sha, sai a lallashe ta.

Silifa nake sa wa a hannuwana,
In ja jiki zuwa makarantar allona,
Da damina taɓo har ƙirjina,
Uwata na leƙe tana share idonta.

A 2003 Kano ta ce ba ta so,
Wai da hana haihuwa ɗigon ya iso,
Kafin a dawo cutar ta taso,
Ƙasashe wajen 20 ta ziyarta.

A 2004 aka karɓi ɗigon Indonesiya,
Waɗanda aka ɗiga wa yau suna da zuriya,
Na ci sunan 'ya'yansu, ba ƙarya,
Hujjata ke nan, ba a littafi na karanta.

Ku tuna mata 9 a 2013,
An harbe su a Kano kan ɗiga wa 'ya'yanku,
Ku sa su a addu'a in kun ɗaga hannunku,
Kowacce ta fito ne neman halalinta.

A Borno, 2016, aka ga shan inna na ƙarshe,
A 2020 aka yi shela ga ƙasashe,
Na ji a rediyo, na ce wutar an kashe,
Na sauko daga keke na yi sujadata.

Ɗiyar Maraɗi:

Baba, Allah shi ƙara lafiya. Ga nawa daga wannan gefen iyaka.

Ɗan Fagge, Trovan magani ne na gwaji,
Ba rigakafi ba, a raba su tukuna.

Sanƙarau ɗin da ya buɗe musu ƙofa,
Mu ma ɗiya nawa ya ɗauke muna!

In zafi ya tsananta, iska ta ta da ƙura,
Uwa na lalubar wuyan ɗa: ya Rabbana.

A 2010 allura ta zo Nijar,
Da Mali da Burkina, muka yi layi a rana.

Sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa,
Na C ya taso a 2015, ya hana kwana.

Ban ce an gama ba, amma akwai bambanci
Tsakanin ƙuruciyata da ta ɗiyana.

Ɗan Fagge:

Baba, na rusuna, na ji zancenku,
Ba ni da bakin musu da ƙafarku,
'Yata za ta karɓa albarkacinku,
Amma tambayata tana nan a wurinta.

In an kashe wutar, me ya sa ake zuwa?
Na ji an ce ɗigon kansa na rikiɗewa,
Ya koma cuta, yana shanyewa,
Malama, gaskiya ne ko a ƙaryata?

Malamar Jinya:

Gaskiya ne, ƙanena, ba zan ɓoye ba,
Ƙwayar ɗigo raunanniya ce, ba matacciya ba,
In ta yi ta yawo cikin yaran da ba a yi wa ba,
Da daɗewa tana iya dawo da ƙarfinta.

Inda kowa ya karɓa ba ta samun masauki,
Shi ya sa har yau muke bin gidaje da aiki,
Akwai kuma ta allura da ake yi a jiki,
Ita matacciya ce, ba ta farfaɗo da kanta.

Batun zazzaɓin sauro, ƙorafinka daidai ne,
Na sha sallamar uwa ba magani, haka ne,
Akwai allurarsa yanzu, abin murna ne,
Tun Disambar 2024 Kebbi ke karɓar ta.

Amma ba zan ce maka allurar nan ta biya bashin gado da magani da ruwan sha ba. Bashin yana nan, ka ci gaba da bin sa, ina bayanka.

Uwar Biyu:

Na gode muku duka. Baba, kun sa ni kuka.

Alhamdu lillahi, zufa ta karyo,
Auta ya kama nono yana zuƙewa.

Cinyar da saura, amma ya yi murmushi,
Na ajiye katinsa, zan ci gaba da kaiwa.

Na karanta wa Inna baitocin Baba,
Ta yi shiru, mayafi tana janyewa.

Ta nuna min lamba a damtsen hagu,
Ta ce ta agana ce, ba ta gogewa.

Ta ce ta ga fuskokin da agana ta zane,
Mu ko sunan sai dai tambayawa.

Ta ce Manzo ya ce a ɗaure raƙumi,
Sannan ga Allah a yi dogarawa.

Ta yarda Litinin mu je ga likita,
Da jakar magungunanta don dubawa.

Malama, ta mura da ta sanƙarau,
Rana ɗaya ake yi, ko rarrabawa?

Malamar Jinya:

Rana ɗaya za a iya, Maman Auta,
Kowane damtse da tasa karɓawa.

Ta sanƙarau sai ta yi kwana 10
A jiki kafin jirgi ya yi ɗagawa.

Ta mura kuwa mako biyu take so,
Ku je Litinin ɗin, ban da ɗagawa.

Ku zauna minti 15 a benci,
Ku karɓi katin kafin fitowa.