Sabar tana ganin ma'ajiya, amma faifan ya ƙi buɗewa tun da aka ɗauke wuta

Ɗan Asawase:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya a Adum, nan Kumasi, inda sabar Linux ɗinmu take haɗe da akwatin ma'ajiyar bayanai ta hanyar iSCSI, wato tsarin da ke ba sabar damar amfani da faifan ma'ajiyar ta kan hanyar sadarwa. Daren Talata dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya daɗe har batirin UPS mai riƙe na'urori idan babu wuta ya ƙare, komai ya mutu lokaci guda. Da wuta ta dawo na kunna su, ma'ajiyar tana amsa ping, wato saƙon gwajin ko na'ura tana kan layi, umarnin iscsiadm -m session ma yana nuna cewa haɗin ya ƙullu, amma da zarar na nemi buɗe faifan sai ya tsaya cik, bayan ɗan lokaci saƙon kuskure ya cika allo. Na sauya kebul biyu, na sake kunna sabar sau uku, shiru kake ji. Masu lissafi suna jiran takardun ƙarshen wata, maigida kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Ina zan duba?

Malamin Nima:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, kada ka yarda ka tsara faifan daga farko ko da wata manhaja ta ba ka shawarar haka, domin bayananka suna nan. Tunda haɗin ya ƙullu, to tashar 3260 da iSCSI ke bi a buɗe take, sunan shaida na IQN da kalmar sirrin shiga ta CHAP kuma daidai suke, saboda haka kada ka ɓata lokaci a kansu. Sannan ka daina sake kunna sabar, ba a nan ciwon yake ba.

'Yar Maamobi:
Malam ya yi gaskiya, ni kuma suwic nake zargi, wato na'urar da ke haɗa sabar da ma'ajiyar. Da yawa daga cikin masu haɗa iSCSI suna ɗaga MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai, zuwa 9000 a sabar da ma'ajiya da suwic gaba ɗaya, domin bayanai su riƙa tafiya cikin manyan ƙunshi. To shi suwic, idan an yi masa gyara ba a adana ba, yana riƙe da shi ne muddin akwai wuta. Ranar da ya mutu sai ya farka da tsohon tsarinsa, wanda galibi 1500 ne. Ping na yau da kullum ƙaramin ƙunshi ne, haka ma saƙonnin shiga, shi ya sa suke wucewa lafiya lau suna yaudarar ka, amma da ainihin bayanai suka taso sai ƙofar ta yi musu kaɗan, suwic ya zubar da su ba tare da ya ce uffan ba. Gwada ping -M do -s 8972 zuwa adireshin ma'ajiyar. Lambar ta fito ne daga cire 28 cikin 9000, wato 20 na IP da 8 na ICMP, bayanan jagora da ake liƙa wa kowane saƙon ping. Na taɓa kwana a ofis kan irin wannan, ina ta zargin kebul ɗin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ɗan Asawase:
Yaya, Allah Ya saka da alheri. Na gwada 1472, wato 1500 a cire 28, ya wuce, 8972 kuwa ko amsa ɗaya babu. Ashe wanda ya haɗa mana kayan bara bai adana gyaran ba, kuma suwic ɗin bai taɓa mutuwa ba sai wannan karon. Na mayar da 9000, na adana da copy running-config startup-config, yanzu faifan yana amsawa. In buɗe wa ma'aikata ke nan?

Malamin Nima:
Dakata tukuna, ɗan'uwa. Wutar ta yanke ne ana tsakiyar rubutu, don haka idan tsarin fayilolin faifan ext4 ne ka bi shi da umarnin bincike na fsck tun kafin ka buɗe shi, idan kuma XFS ne xfs_repair -n zai nuna maka halin da yake ciki ba tare da ya taɓa komai ba. Ka kuma duba ko akwai _netdev a layinsa cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da sabar ke buɗewa idan ta tashi, domin sabar ta jira hanyar sadarwa ta tashi kafin ta nemi faifan. Gobe idan dumsor ya maimaita, ka fara kunna suwic, sai ma'ajiya, ka ba ta 'yan mintoci ta daidaita, sannan sabar.