Jan dabinon China da aka kawo wa Inna, wa ya san shi?

Ƴar Marwa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Yayana ya dawo daga Gwanzu ta China ya kawo wa Inna leda guda ta wasu busassun ƴaƴan itace jajaye, fatar duk ta yamushe, cikin kuma laushi kamar soso, ƙwallon siriri mai tsini. Wai jan dabino ne, can magani ne na ƙarin jini. To Inna tana da ciwon suga shi ya sa na ce ta dakata tukuna. Dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ai ba dabino ba ne, ɗan uwan magarya da kurna ne, dangi ɗaya, sai dai mutanen China sun yi shekaru dubbai suna noma shi suna zaɓen iri har ya yi girma haka. Yanzu a yankin Shinjan na ƙasarsu aka fi noma shi. Suna cin shi haka nan, suna kuma jefa shi a romon kaza, ko kunun shinkafa, ko su tsaga su dafa da citta su sha kamar shayi, musamman mai jego da wanda ya tashi daga ciwo. Maganinsu na rashin barci kuma daban ne, ƙwallon wata ƙaramar magarya mai tsami suke amfani da shi.

Maman Biyu:
Kin kyauta da kika hana ta wlh. Ɗanyen ne mai bitamin C da yawa, in ya bushe yawanci ya tafi sai zaƙi ya taru, kuma mutanenmu da sun ji an ce magani shi kenan sai a zauna a cinye leda. Ki ɗauki ledar ki nuna wa likitan da ke duba ta, in jini ne ya yi ƙasa a auna a gani, kar kuma ta bar maganinta saboda wannan.

Malam daga Garwa:
Ni abin da ke damuna, ke da kike Marwa ga magarya nan a kasuwa lokacin sanyi ana aunawa a kwano, ana daka ta a tankaɗe a turara a yi yabande, amma mun bar wa yara da awaki. Su sun gyara tasu sun sa a leda har tana tsallako teku.

Ƴar Marwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar Litinin za mu asibiti, zan tafi da ledar. Maman Biyu, shayin fa, shi ma sai an tambaya ko?