Hedfon na gem: mai waya ko maras waya, da dubu 30 a hannu?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina buga Call of Duty a waya, wani lokacin kuma a PS4 (na'urar gem ta talabijin) ɗin yayana. Dubu 30 gare ni, ranar Asabar zan shiga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, in sayi hedfon. So nake in riƙa jin takun mutum kafin ya zagayo ta bayana, abokan wasana kuma su ji maganata ba ƙarar janareton maƙwabta ba. Wayata ba ta da ramin iyafis, sannan ina sa gilashi, bana son wanda zai matse min kai. Wanda ya taɓa saye ya taimaka.

Sarkin Harbi: Wa'alaikumus salam. HyperX Cloud II, ka saya ka huta.

Na Kurna: Haba mutumina, dubu 30 fa ya ce. Orijina bai kusa da wannan kuɗin ba.

Sarkin Harbi: Ni a dubu 28 na samu nawa.

Na Kurna: Yaushe? Ni an ce min dubu 95 ba ragi. Ko dai na hannu ne, ko jabu aka ba ka.

Baban Hanan: Ƙanina, bari in ba ka labari ka ji. Bara na shiga wani shago, yaron ya ɗauko min wani mai fitilu ja da shuɗi, an rubuta 7.1 ɓaro-ɓaro a kwali, wai za ka ji sauti daga kowace kusurwa. Ya haɗa da wayarsa ta Bluetooth, ya sa kiɗa, ganga na dukan ƙirji, na biya dubu 22 ina murna. Da na je gida na shiga wasa, sai in harba, ƙarar bindigar ta biyo baya. Kafin in ji taku an riga an kwantar da ni. Na ce to bari in kai shi kan PS4, ta ƙi karɓarsa sam. Washegari na mayar, mai shagon ya nuna min rasit, wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Na roƙe shi ya canza min da mai waya in cika kuɗi, ya ƙi. Zafin Afrilu na shigowa, ledar kunnen ta fara ɓarewa tana manne min a gefen fuska. Kuɗin nan na madarar 'yata na taɓa, shi ya sa har yau abin yake ci min rai.

Mai Gyara: Allah ya mayar da alheri, Baban Hanan. PS4 ba ta karɓar yawancin hedfon na Bluetooth, kuma jinkirin sauti halin Bluetooth ne. In dole sai maras waya, a nemi mai zuwa da ɗan abin da ake soka wa a ramin USB, irin Logitech G435, amma ya fi ƙarfin dubu 30. Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, ɗauki mai waya, ka duba bakin fulogin ka ga layi uku, shi ne mai ɗaukar makirfo. Zai shiga hannun PS4 kai tsaye, wayarka kuma ka sai mata adafta ta USB-C, ka gwada a gaban mai shago. Kushin kunne ka zaɓi na yadi mai laushi saboda gilashinka da gumi. Shi 7.1 ɗin nan dabarar manhaja ce, lasifika biyu ne a ciki.

Oga Gidan Gem: Mai Gyara, kai buɗewa ka iya, ni nake ganin yadda suke mutuwa a hannun yara. Wayar ce take fara tsinkewa daga gindi. Wanda ba a cire wayarsa a canza, asara ne.

Mai Gyara: Yallaɓai, in ta tsinke wajen wa kake kawowa?

Sarkin Harbi: Duk wanda bai taɓa kai matakin Legendary na gwanaye a Call of Duty ba ya bar mana maganar jin takun mutum.

'Yar Hotoro: Ɗan'uwa sayi iyafis na dubu biyu, ragowar ka fara tarin lefe 😂

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Na gode. To adaftar nawa take, kuma makirfo zai yi aiki ta cikinta?

Na Kurna: Ni duk ba wannan ba. Ko na dubu 200 ka sa, in ƙarfe tara na dare ta yi a unguwarmu sabis ya tafi kenan. Ping ɗina, wato ma'aunin jinkirin intanet, daga 60 sai ya haura 300, mutum ya tsaya cak a fili ana harbinsa.

Baban Hanan: Ga data kamar ana zuƙe ta. Sabunta wasan kaɗai ya cinye min ta wata.

Oga Gidan Gem: Ku da kuke da caji ma kenan. Mu yau kwana uku ba wuta, man da nake zuba wa inji ya fi abin da yara ke biya. Akwai wanda ya sa sola a shagonsa? Batir nawa zai ja talabijin huɗu?