Kada a ce da shi kwandasta: neman sunan mai juya makaɗan okestra

1. Jiya ina fassara wani labari kan bikin kiɗan Proms na Landan, sai na cije a kan kalma ɗaya. Mutumin nan da ke tsayawa gaban makaɗa wajen tamanin, wato okestra, da 'yar sanda a hannu, ya ba 'yan kallo baya, me za mu kira shi? Turawa kwandasta suke cewa. Na rubuta haka, ƙanwata ta leƙa ta ce, "Yaya, shi ke karɓar kuɗin ƙofa?"

2. Abin ya dame ni ne saboda shi Proms don talaka aka ƙirƙire shi. A 1895 Robert Newman da Henry Wood suka fara shi a zauren Queen's Hall. Sule ɗaya ka biya, ka shiga ka tsaya, ka ci ka sha, har taba ana busawa, sai dai a roƙe ka kada ka ƙyasta ashana lokacin da ake waƙa. BBC ta karɓe shi a 1927, ya koma Royal Albert Hall a 1941 bayan bam ya cinye tsohon zauren. A 2024 tikitin tsaye fam 8 ne, kuma masu tsayuwar su ne dab da makaɗa. Bikin da ya buɗe ƙofa haka, bai kamata fassararmu ta rufe ta ba.

3. Wani malamina ya ce a sa sarkin kiɗa. Allah ya gafarta malam, ban yarda ba. Sarkin kiɗa sarauta ce ta fada, kuma da hannunsa yake kiɗa. Wannan kuwa ko goge ba ya taɓawa. Aikinsa ya ce a tashi, a sassauta, masu busa su saurara, masu ganga su shigo.

4. Jagoran kiɗa ba laifi, amma lami ce, kowa jagora ne yanzu.

5. Ni dai madugu ta kwanta min. Madugu uban tafiya: ba shi ke ɗaukar kaya ba, amma shi ya san hanya, shi ke cewa a ɗaura, shi ke cewa a yada zango. Idan ya yi kuskure, duk ayari ya ɓata. To, madugun kiɗa.

6. Daga nan sai ɗayar ta faɗo da kanta: okestra ta zama ayarin makaɗa. Wata baiwar Allah ta kawo 'yan badujala, sai dai badujala kiɗan fareti ce ta soja da 'yan sanda, ba goge a ciki, alhali a okestra dangin goge sun fi kowa yawa. Wani kuma ya ce ayari tafiya yake yi, waɗannan a zaune suke. Gaskiyarka, ɗan'uwa, wannan ƙorafin na karɓa, amma ban ga wadda ta fi ta ba tukuna.

7. Ga yadda na gwada: "A 2017 ayarin makaɗa na Chineke!, wanda Chi-chi Nwanoku, 'yar asalin Nijeriya ta wajen uba, ta kafa a 2015, ya yi wasa a Proms, 'yan tsaye na gaba-gaba." Ƙanwata ta karanta ba ta tambayi komai ba.

8. Saura mace. Marin Alsop ce ta ja daren rufe bikin a 2013, mace ta farko. Maduga ko maduguwa? Mutanen Katsina da Damagaram, ku taimaka.