Kg ko kg? Ku kawo abin da kuka gani

Malamin kimiyya, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina duba takardun ɗalibaina, sai ga "Kg", "Km", har da "kgs." da ɗigonta. Da na tambaye su inda suka samo, suka ce a jikin buhu da allunan shaguna. To a tsarin awo na duniya, wato SI, wanda aka amince da shi a 1960, ƙaramar k ita ce kilo, babbar K kuwa kelvin ce, ma'aunin zafi. Alama ba ta jam'i, ba a sa mata ɗigo, kuma ana barin fili tsakaninta da lamba: 50 kg. Kowa ya ba mu labarin yadda abin yake a wurin aikinsa.

Ma'aikaciyar jinya, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Ku maki kuke ragewa, mu rai ne a hannunmu. An taɓa kawo mana katin wata baiwar Allah mai shan levothyroxine, maganin da ake aunawa da maikrogiram. Likita ya rubuta 50 µg da hannu, wutsiyar µ ɗin ba ta fito ba, kowa ya karanta 50 mg. Ninki dubu ke nan! Mai ba da magani ya ƙi taɓawa sai da aka kira likitan ya gyara. Shi ya sa muke rubuta mcg, ko mu rubuta kalmar gaba ɗaya. Haka ".5 mg": ɗigon na ɓacewa ya koma 5, don haka 0.5 mg ake rubutawa. "5.0 mg" ma ba ma so, ido na iya ganin 50.

Mai haɗa sola, Kaduna:
Hajiya Allah Ya saka. Na ga allon wani aikin sola an rangaɗa "2 mW" da manyan harufa, har da hoton masu yanke ƙyalle. Ƙaramar m ɗaya bisa dubu ce, babbar M miliyan. Tashar lantarki ta Kainji 760 MW ce. Da za a rubuta 760 mW, ko wat ɗaya bai kai ba. W ɗin kuma babba ce saboda daga sunan James Watt ta fito, haka V ta volt da A ta ampere, su ma daga sunayen mutane suka fito.

Ɗan kasuwa, Maraɗi:
Mu tamu matsalar waƙafi ce. A Nijar 1,250 t na nufin tan ɗaya da kwata, don da waƙafi muke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Na aika wa abokin cinikina na Dawanau lissafin wake haka, ya bugo waya hankali tashe, wai ina zai samo tireloli na tan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Malam, wa ke da gaskiya tsakaninmu?

Malamin kimiyya, Zariya:
Alhaji, duk kuna kan daidai. Babban taron awo na duniya ya amince da ɗigo da waƙafi duka wajen raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta a 2003. Abin da ba a so shi ne raba dubbai da ɗayansu. Fili ake bari: in tan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ake nufi, sai a rubuta 1 250 t. Da kun bi wannan, da wayar ba ta shigo ba.

Mai gidan mai, Katsina:
Ranka ya daɗe, lita fa? Rasit ɗinmu 20 L yake fitarwa, yarana kuma "20 ltrs" suke rubutawa.

Malamin kimiyya, Zariya:
Na'urar ce daidai. L da l duk sun halatta. An ƙara babbar a 1979 don ƙaramar tana kama da lamba 1. Ita "ltrs" ɗin ce za su daina.