Aikin sa kai a gidan jinyar masu ciwon ajali: me ake yi a can?

Baƙuwa a Landan:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina zaune a kudancin Landan, kuma kwanan baya na ga sanarwa a wani shagon gwanjo na sadaka cewa gidan jinyar masu ciwon ajali, wanda a nan ake kira hosfis, yana neman masu aikin sa kai. Zuciyata ta kwanta da abin, domin ni na yi jinyar mahaifiyarmu har Allah ya karɓi abinsa, amma abu biyu suna yi mini tarnaƙi. Ban karanci aikin asibiti ba, don haka ban san amfanin da zan yi musu ba. Sannan idan likita ya ce an daina neman waraka, shin hakan bai zama yanke ƙauna daga rahamar Allah ba?

Nas mai ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kusa da tushen abin kike zaune, domin a unguwar Sydenham ta kudancin Landan ne Cicely Saunders ta buɗe gidan St Christopher's a 1967, wanda daga gare shi wannan tsari na zamani ya bazu a duniya. Matar ta yi aikin nas kafin ta zama likita, kuma abin da ta dage a kai shi ne a riƙa ba majinyaci maganin raɗaɗi a kan lokaci, ba sai ya fara kururuwa ba. Ta kuma koyar da cewa ciwo ba a jiki kaɗai yake ba, domin mutumin da yake tunanin bashin da ke kansa ko makomar 'ya'yansa, allura kaɗai ba ta sa shi barci. Saboda haka ba a daina magani ba, manufarsa ce ta sauya.

Ba za a ba ki allura ko ƙwaya ki ba kowa ba, wannan aikin ma'aikata ne. Naki shi ne zama da majinyaci, haɗa shayi, tura keken marasa lafiya zuwa lambu, ko zuwa gida ki zauna da shi don mai jinyarsa ta fita. Za su binciki tarihinki ta hukumar DBS, mai duba ko mutum ya taɓa aikata laifi, su ba ki horo, kuma za su ja miki kunne sosai a kan riƙe sirri. A Afirka ma ana yi. Dokta Anne Merriman ta kafa irin wannan aiki a Uganda a 1993 da mofin na ruwa, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, mai araha wanda ake sha a gida, asibitin koyarwa na Ibadan kuma ya buɗe nasa sashen a 2007.

Ɗan Kano:
Hajiya, ki yi mini haƙuri in karkata maganar zuwa ga mai jinya, domin ita ce kowa yake mantawa da ita. Lokacin da sankara ta kwantar da mahaifinmu, aka sallamo mu gida, gidanmu bai rabu da 'yan dubiya ba daga hantsi har magariba. Kowa ya zo da lemo da ayaba, ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya tafi. Allah ya saka musu da alheri, amma ƙanwata ce take juya tsohon duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito masa, ita take wanke zanin gado, kuma ita take ɗora tukunya saboda baƙin. Wata rana na same ta a zaune a bakin rijiya, hannunta cikin ruwan wanki, tana gyangyaɗi.

Wadda ta fi kowa taimakonmu wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, wadda ko biro ba ta taɓa riƙewa ba. Bayan sallar isha'i takan shigo da carbinta, ta kori ƙanwata ɗaki ta ce ta kwanta, ita kuma ta zauna tana jiƙa wa tsohon leɓe da auduga, tana kore masa sauro har tsakar dare. Ba ta cika magana ba. Ke da kika yi jinya da hannunki, kin riga kin san abin da ba a koyarwa a aji, wato yadda ake gane mai jinyar da take cewa lafiya lau alhali ƙafarta ba ta ɗaukarta.

Almajirin Zazzau:
Game da tambayarki ta biyu, Malama, ajali a hannun Allah yake, kuma likita kirdado kawai yake yi da iliminsa. Rage wa mutum azabar ciwo shi ma magani ne, addu'ar samun sauƙi kuwa ba wanda ya hana. Gaishe da mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kyautata wa wanda ba Musulmi ba kuma ba laifi ba ne. Sai dai ki sani yawancin waɗanda za ki tarar ba addininku ɗaya ba, kuma ba wa'azi aka kira ki ba. Idan Musulmi ne yake gargara, sunna ita ce a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, idan ya faɗa a ƙyale shi, ba a yi ta matsa masa ba. Kina iya roƙon a haɗa ki da mata idan hakan ya fi miki natsuwa.

Baƙuwa a Landan:
Na gode ƙwarai, Allah ya jiƙan magabatanmu. Na karɓo takardar neman aikin, kuma na ga akwai gurbin harsunan da mutum yake ji, sai na rubuta Hausa da Fulatanci. Ranar Laraba da rana na zaɓa, lokacin yara suna makaranta.