Aiki a babban kamfanin ba da shawara kan kauce wa asara: yaya zaman yake?

Ɗan Jekadafari:
Salamu alaikum. An kira ƙanwata aiki a irin wannan kamfani, ofishin Abuja. Masana harkar, me za ta tarar?

Hajiyar Pantami:
Wa alaikumus salam. Malam, can lokaci ne hajar sayarwa. Kowace awa sai an rubuta ta da sunan abokin hulɗar da aka yi wa aiki, don da ita ake cajinsa. Wanda ya bari sai Juma'a ya cike takardar awoyinsa ta mako guda, mantuwa za ta cinye masa awoyi, a ƙarshen shekara a ce bai yi aiki ba. Ta riƙa cikewa kullum kafin ta tashi.

Baban Wunti:
Ta fara sanin ISO 31000, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da haɗari, da rajistar haɗari, wato jerin abubuwan da ka iya jawo asara. Ana ba yiwuwar aukuwa maki 1 zuwa 5, girman ɓarna 1 zuwa 5, a ninka, ƙololuwa 25. Kuskuren sababbi shi ne su jera haɗari ba su rubuta wanda zai ɗauki nauyinsa ba. Manaja zai dawo da rahoton. Gyaran nasu ba kara, jan biro ko'ina, kada ta ɗauka ƙiyayya ce.

Hajiyar Pantami:
Af, na manta. Ta duba fansho a takardar ɗaukar aiki: dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8. Maganar fita sallar Azahar da La'asar kuma, ta faɗa wa manajanta tun makon farko.